Ƙafafu a Cikin Ciyawa

Mutum biyu ne kawai a duniya suka san Mai Tawada ba ta iya zana ƙafa ba: ita da ƙaninta, Auta. Matar da ta kwashe shekaru tana yi wa littattafan yara hotuna, wadda za ta zana fuskar tsohuwa har ka ji kamar ka durƙusa ka gaishe ta, da an zo kan tafin ƙafa sai abin ya fito mata kamar dankali mai yatsu. Tun tana budurwa ta samo wa kanta mafita. Yaran littattafanta kullum a cikin ciyawa suke tsaye, ko a bayan bokiti, ko kuma ruwa ya shanye su zuwa idon sawu. Masu karatu suna cewa salonta ke nan, ita kuma ba ta taɓa musa musu ba.

Auta kuwa ƙafa ce gwanintarsa, kamar don ya ba ta haushi. Shi ne zai zana yaro yana gudu, ka ga babban yatsa ya dafe ƙasa, ka ga jijiyar dunduniya ta miƙe. Ita ta koya masa riƙe fensir tun yana ƙarami, ya girma ya wuce ta a wannan wuri ɗaya, kuma bai bar ta ta manta ba. In ta gama shafi sai ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Yaya, an sake shuka ciyawa ke nan?" Ita kuma ta ɗaga burushi kamar za ta ƙwala masa.

Ɗaki ɗaya suke aiki a ciki, a saman shagon mai gyaran waya. Teburinta yana bakin taga, cike da kwalaben tawada da gwangwanin burusai da tsumman da ba a san asalin launinsa ba. Nasa yana lungu, da kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takarda, da allon nan na gilashi da ake zane a kansa da alƙalamin roba. Mai Tawada ba ta cikin masu tsine wa sababbin kaya. Ta tuna lokacin da ɗigon tawada ɗaya ke sa ta sake shafi tun daga farko tana ƙunƙuni. Yanzu Auta ya ɗauki hoton shafin, ya goge ɗigon kafin ta gama salati. Abin da ba ta so shi ne injin nan da ya shigo daga baya, wanda ake rubuta masa magana ya haifo hoto nan take, ba fensir, ba ciwon baya.

Editar kamfanin da ke buga musu littattafai ta fi ta tsanar abin. Ranar da ta ba su sabon aiki, labarin wata yarinya da agwagwarta, sai da ta cire tabarau ta dube ta ido cikin ido.

"Hannu nake so," in ji ta. "Takarda ko allo, duk ɗaya ne a wurina, in dai mutum ne ya ja layin. Wanda ya yi mana littafin bara inji ya sa ya yi masa, yanzu babu kamfanin da ke ɗaga wayarsa. Sunanki ne zai hau bango, ke zan riƙe."

"Ranki ya daɗe, ni da ƙanina ne, ba na uku," in ji Mai Tawada, har da ɗan jin haushin an ma yi mata maganar.

Suka raba aikin yadda suka saba, rabin farko nata a takarda, rabin ƙarshe nasa a allo.

Abu na farko da ta lura da shi ƙarami ne, har ta ji kunyar lura da shi. Auta ya juya teburinsa. Da can bayansa take gani da fuskar allonsa, yanzu fuskarsa take gani da bayan allon. Ya ce hasken taga ne ke kashe masa ido. Tagar nan kuwa tana wurin tun ranar da suka kama ɗakin, ba ta matsa ko'ina ba.

Sai kuma saurin. Auta mutum ne da zai yini yana gyaran kunnen akuya, amma ga shi yana miƙo shafi bayan shafi, ita tana fama da nata. In ta taso za ta ɗebi ruwa a kusa da shi, sai yatsansa ya taɓa allon, zanen ya ɓace, hoton wata mota ya fito. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta koma ta zauna, ruwan ma ba ta sha ba.

Ranar da ya buga shafukansa a firinta ya shimfiɗa mata a tebur, ta yi shirin yabo da 'yar tsokana, amma abin da ke takardun ba hannunsa ba ne. Hannunta ta gani. Yadda take karya layi a gefen kumatu, yadda take barin fari a cikin ido, har da ɗan karkacewar da rufin gidajenta ke yi. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya tana neman Auta a ciki, ba ta same shi ba. Sannan ta dubi ƙasan kowane shafi. Yarinyar tana tsaye a cikin ciyawa. A shafi na gaba tana bayan kwando. A na gabansa ta shiga kududdufi tana bin agwagwa. Babu ƙafa ko ɗaya.

"Sun yi?" in ji Auta, yana sosa ƙeya, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Sun yi," ta ce. Ta tattara takardun ta danne su da kwalbar tawada.

Da yamma ta sauka ƙasa da sunan wayarta ba ta caji. Mai gyaran waya mutum ne da ba a tambayarsa abu ya ce bai sani ba, ko da maganin ciwon hanta ne. Ta kewaya, ta kewaya, sannan ta jefa masa tambayar kamar da wasa: shin injin nan zai iya kwaikwayon hannun wani mutum takamaimai?

"Haba Anti, ai wannan shi ne mafi sauƙi!" Ya ajiye ƙarfen da yake liƙa waya da shi don ya samu hannun kwatance. "Tsoffin zanenki za a tara a ɗura masa. Ya haɗiye, ya narkar, shi ke nan ya zama ke. Ki ce masa zana mini kaza, ya zana da hannunki. Kuma shi ba ya tace mai kyau da marar kyau. In kina da wani aibi a zane, har shi zai kwaso, don a wurinsa duk salo ne."

"Har aibin?"

"Shi ma ya fi riƙewa. Wa za ki kwaikwaya, Anti? Kawo in yi miki, ba tsada."

Ta karɓi wayarta ta hau bene a hankali tana riƙe da bango. A tsakiyar matakala ta tuna da akwatin. Kwanakin baya Auta ya jawo tsohon akwatin ƙarfen da take tara zanenta tun na ƙuruciya, ya ce gara za ta cinye su, bari ya ɗauki hotonsu ya adana a kwamfuta. Ya yi ta yi ba gajiya, takarda bayan takarda. Har addu'a ta yi masa a lokacin, ta ce Allah ya ba shi masu yi masa. Tunawa da addu'ar nan ya fi komai ƙona mata rai.

Daga ranar ta sa masa ido. Mai Tawada ba ta iya leƙen asiri ba, jikinta babba ne kuma takalminta yana ƙara, amma ta yi iya yinta. Ta ƙirƙiro dalilan wucewa ta bayansa har suka ƙare mata. Ta jingina ƙaramin madubi a gwangwanin burusai ta karkata shi wajen lungunsa, ba ta ga komai ba sai silin da fanka. In ya fita, ta je ta tsaya a kan allon, ta same shi a kulle da lambar sirri, abin da bai taɓa yi ba. In ya yi dariya yana duba waya sai ta ce da ita yake. In ya yi shiru ta ce rashin gaskiya ne. Har shayin da ya saba kawo mata da safe ta fara yi wa kallon toshiyar baki.

Ta san abu ɗaya game da zanen allo, Auta ne ma ya koya mata. Hawa-hawa ake yin sa, kamar takardu masu shara-shara da aka ɗora kan juna: layin fensir a ƙasa, tawada a kansa, launi a sama. Hoton inji kuwa falle ɗaya yake fitowa, babu abin da ke ƙarƙashinsa. Ta buɗe fayilolin da ya turo mata, duk falle ɗaya ne.

"Auta, turo mini mai hawa-hawan mana, ina so in ga layin fensirinka."

"Yana da nauyi, Yaya, kwamfutarki ba za ta ɗauka ba."

"To zo ka zana mini yarinyar nan a gabana, tana tsallake kwata. Ina so in ga yadda kake fitar da kumatun."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Jarrabawa za a yi mini da gemuna? Bari in je in karɓo tawadar firinta kafin su rufe." Ya zari allon ya saka a jaka ya fita da shi. Wa ke zuwa sayen tawada da allo a kafaɗa?

Ta so ta tambaye shi kai tsaye, Allah ya sani ta so. Sau da yawa maganar tana zuwa bakinta, sai ta dubi fuskarsa ta ga yaron da ta goya, ta haɗiye. Tana tsoron ya yi mata ƙarya, ta fi tsoron ya faɗa mata gaskiya. Ga ranar miƙa aiki tana matsowa, ga sunanta da ta gina da ciwon wuya da ciwon ido. Da ta auna, sai ta zaɓi abin da ya fi sauƙi a baki, ta wuce shi ta tafi wurin Edita ita kaɗai.

Edita ta saurare ta har ƙarshe, tana juya shafukan da bakin biro kamar kada ta taɓa su.

"Ni na kira shi kwanaki," ta ce. "Na ga samfurin farko, naki da nasa kamar littafi biyu aka ɗinke wuri ɗaya. Na ce a daidaita. Amma ban ce a sa inji ba."

Wato har ganawa suka yi ba ta sani ba. Mai Tawada ta ji abin ya zauna daram, kowane guntu ya shiga gurbinsa. An matsa masa ya yi irin nata, ya ga wahala, ya bi gajeriyar hanya.

"Kin tabbata?" in ji Edita.

"Ranki ya daɗe, ni na koya masa zane. Na san hannunsa kamar yadda na san nawa. Wannan ba hannunsa ba ne."

Washegari da hantsi Edita ta hawo benen da kanta, tana haki. Auta ya miƙe da fara'a ya ba ta kujerarsa, yana neman kofi mai tsabta. Ba ta zauna ba. Ta ajiye shafukan a tebur ta faɗi abin da ya kawo ta, ba kwana-kwana, har da cewa yayarsa ce ta kawo ƙara.

Auta bai dubi Edita ba. Yayarsa ya duba, ya daɗe yana dubanta, ita kuma ta kafe idonta a kan gwangwanin burusai.

"Yaya, ke kika ce?"

"In ba ka yi ba, ka nuna," ta ce. Muryarta ta fito da kaushin da ba ta yi niyya ba.

"Kin tabbata kina so a gani? A gaban baƙuwa?"

"Au, barazana ce? Nuna!"

Ya ciro allon ya buɗe, ya jingina shi da kwalbar ruwa yadda duka za su gani. Ya yi wa Edita bayani a taƙaice, cewa manhajar da yake zane da ita tana naɗar kowane layi da alƙalami ya ja, daga na farko har na ƙarshe, ta mayar da shi bidiyo mai gudu. Ya taɓa, farin shafi ya bayyana.

Layuka suka fara tsirowa da kansu. Da'irar kai, sandar baya, kafaɗu. Ya zana kumatu irin nasa, mai santsi, ya goge. Ya sake, ya goge. Sai a karo na kusan biyar layin ya karye a gefen kumatu yadda nata ke karyewa. A gefen shafin wani tsohon zanenta na cikin akwati ya bayyana ƙarami, ana kallonsa ana kwaikwayo, layi bayan layi, kamar ɗalibi da allon malaminsa. Riga ta fito, hannaye suka fito. Sannan alƙalamin ya gangara ƙasa, ya zana ƙafafu. Kyawawa, ɗaya ta dafe ƙasa, ɗaya ta ɗaga dunduniya, yarinyar tana shirin zabura. Ƙafafun suka tsaya a wurin na ɗan lokaci. Sai ciyawa ta fara tsirowa a kansu, tsinke bayan tsinke, har ta rufe su ruf.

Ya buɗe shafi na gaba. Ƙafafu, sannan kwando. Na gaba, ƙafafu, sannan ruwan kududdufi.

"In ban zana su ba tsayuwar ba ta daidaita," in ji Auta, yana magana da allon. "Shi ya sa nake fara zana su, sannan in rufe. Da na turo miki mai hawa-hawa, da kin ɗaga ciyawar kin gani. Saurin kuma, gida nake tafiya da shi. Matata har ta daina yi mini magana."

Edita ta gyara tabarau ta matso. "Ban gane ba. Me ya sa za ka rufe ƙafa mai kyau haka?"

Ta dubi Auta, ta dubi Mai Tawada, ta jawo shafukan rabin farko ta bi ƙasansu da ido, ɗaya bayan ɗaya. Mai Tawada tana tsaye tana kallon yadda sirrin da ta rufe tun tana budurwa yake buɗewa a fuskar matar. Edita mace ce mai kara, ta kau da kai daga zancen. Amma ta ga ya kamata ta wanke Auta sosai, sai ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba.

"Tunda abin ya kai haka, gara ki sani. Ranar da na kira shi, ce masa na yi ya karɓi littafin gaba ɗaya da hannunsa, a sa sunansa. Ya ce a'a, shi zai dawo irin naki." Ta tattara jakarta. "Aikin ya yi. Ku miƙa yadda yake."

Ƙarar takalminta ta bi matakala ta ɓace. Fanka tana ta juyawa. Mai Tawada ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, har cikin ƙashinta, ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta.

"Auta, don Allah…"

"Ba fushi nake ba, Yaya." Yana naɗe wayar caji a hannunsa, a hankali, yana daidaita kowane zagaye. "Da kin kama kunnena kin tambaye ni, da na sha kunya na nuna miki mu biyu, ki zage ni, ya wuce. Amma kin ga hannunki a takarda, kin yarda inji zai iya zama ya koye shi, ba ki yarda ni zan iya ba."

"Kuskure na yi. Ka zauna mu yi magana."

"In na zauna, duk shafin da na miƙo miki sai kin so ganin bidiyonsa. Ba za ki faɗa ba, amma zan gani a idonki. Ni kuma ba zan iya zane ana gadina ba." Ya rataya jakar. "Zan ƙarasa sauran a gida in turo. Bidiyoyin duka na tura miki yanzu, ki ajiye, ko wani zai tambaya."

A bakin ƙofa ya tsaya ya ce ta riƙa kashe firinta kafin ta tashi, tana zafi. Sannan ya sauka.

Ta zauna ta buɗe kwamfutarta. Ta kunna bidiyon farko, ta ga ƙaninta yana gogewa yana sakewa don ya koyi karkatattun layukanta, hawaye suka zubo mata har kan tsumman tawada. Ta kunna na biyu, ta kunna na uku. Ta yi niyyar da yamma za ta je gidansa, ta durƙusa masa in ta kama, a gaban matarsa ma.

A na huɗun ne, wajen da kwando ke fitowa, ta ga kamar layin ya yi tsalle, kamar an yanke wani abu an haɗa. Wataƙila gudun bidiyon ne. Wata murya ƙarama ta taso mata daga can ƙasan zuciya, cikin natsuwa, ta ce: injin da ya iya zana hoto, shi bidiyon zai gagare shi?

Ta yi a'uziyya da ƙarfi, ita kaɗai a ɗaki. Ta san ƙarya ce, ta san Auta, ta ga idonsa ɗazu. Ta tsani muryar nan, ta tsani kanta da ta saurare ta, ta kuma gane yaron ya faɗi gaskiya tun kafin ya kai ƙasan bene. Duk da haka hannunta ya kai kan linzamin kwamfutar, ta mayar da bidiyon baya kaɗan, ta rage masa gudu, ta matso da fuskarta kusa da gilashin.